Gwajin Tudun Brive

Ranar gwajin, Firmin Lacaze bai shiga ramin duba jirgi ba. Shekara ashirin da biyu yana tuƙin jirgin ƙasa, bai taɓa fita daga loko, garejin jirage, ba sai ya sauka ƙarƙashin kan jirgi da butar mai ya shafa kowane ƙarfe da hannunsa. Yau kuwa ya miƙa wa leburori butar, ya ce shi ba ya rusuna wa kayan Thibaud.

A wannan layin kowane direba da kan jirginsa, ba mai taɓa na wani. Ta Firmin ita ce Margot, sunan da ya raɗa mata ke nan. Irin waɗanda tururi ke aiki sau biyu a cikinsu ce: ya tura ƙananan silinda biyu, ya wuce ya tura manya biyu, sannan ya fita. Kowane ɓangare da abin murɗawarsa, kuma gwanintar direba duk tana wurin daidaita su. Firmin da kunne yake daidaita na Margot.

Wata goma sha huɗu da suka wuce wani matashin injiniya, Thibaud, ya zo da farar riga da ma'aunai, ya hau Margot sau uku, ya rubuta cewa numfashinta ya toshe, zamaninta ya wuce. Aka ja ta zuwa masana'antar kamfani, inda tsofaffi ke shiga ba su dawowa. Firmin ya koma jan taragun kabeji da kowane tarkacen kan jirgi aka ba shi. Sau biyu Thibaud ya aiko masa wasiƙa, sau biyu ya jefa ta wuta a rufe.

Sai ga shi Thibaud ya fito da nasa kan jirgin. Tukunya sabuwa, ɗakin direba sabo, an ƙara masa ƙafa, fenti sai ƙyalli. Manyan kamfani suka gindaya sharaɗi: ya ja tan ɗari shida daga Brive, ya haye tudu bai sauka ƙasa da kilomita casa'in a awa ba. In ya gaza, a yanka shi a sayar wa maƙera, a rufe maganar. Kuma cikin direbobi arba'in, Thibaud ya ce Lacaze yake so. Firmin ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba, don kaza ce ta kawo wuƙa da kanta.

Ana shirin tashi Thibaud ya matso gindin matakala.

"Baba Lacaze, akwai maganar da nake so ka ji kafin mu tafi."

"Yallaɓai, ka hau taragon ma'aunanka. Ni da agogo nake magana."

Kan jirgin ya fita daga tasha kamar ba ya jan komai. Firmin bai so ba, amma ya ji daɗinsa a hannu, abin kuma ya ƙara masa haushi. A kwanar gada kan jirgin ya ɗan yi tsalle zuwa hagu, ƙafar Firmin ta riga ta tokare tun kafin ya yi. Ya ce a ransa duk haka suke.

Da tudu ya fara, sai ya yi abin da ya kwana wata da watanni yana tsarawa. Bai taɓa birki ba, bai rage wuta ba, don ma'aunan da ke tarago za su tona shi. Abin murɗawar manyan silinda kawai ya matse, kaɗan-kaɗan, har tururi ya rasa hanyar wucewa ya koma yana danne na baya. Wanda bai yi shekaru a kan ƙarfen nan ba, zai rantse laifin ƙira ne.

Odilon, mai zuba kwal, ya ɗago yana haki. Ya ji sautin ya canza.

"Maigida, ana shaƙe shi fa."

"Shebur aka ba ka, ba kunne ba."

Tamanin da biyar. Saba'in da takwas. Kan jirgin yana nishi yana kokawa, ya ƙi sallamawa da wuri, har Firmin ya ji wani abu kamar kunya. Ya tuna Margot a bayan jirgin da ya ja ta, ya ƙara matsewa. Suka haye tudun da sittin da ɗaya.

Da suka isa Limoges manyan ba su ɓata lokaci ba. Suka duba takardun ma'auni, suka sa hannu, suka tafi cin abinci. Ranar Litinin za a kai shi wurin yanka.

Thibaud ya zo fuskarsa kamar an wanke ta da toka. Bai yi faɗa ba. Ya ce wata goma sha huɗu ya yi yana roƙon a bar masa wannan guda ɗaya, kuma ya ɗauka in akwai mai fito da ƙarfinsa a duniya, to Lacaze ne. Firmin ya ɗaga hula ya ce kowa da iyakar iliminsa. Zuciyarsa fari ƙal, ramuwar gayya ta fi gayya zafi.

Saura duban ƙarshe, wanda dole direba ya yi da kansa kafin ya bar loko. Wannan karon ya sauka ramin da murna, yana fito, yana haska fitila don ya ga gawa da kyau. Ƙarfen gindi ne kaɗai bai yi kama da sabo ba. Ya kai hannu bayan sandar ƙafafu ta biyu, inda ba mai gani sai wanda ya rusuna, yatsunsa suka faɗa cikin wani zane da sabon fenti bai cike ba.

Harafi biyu ne, nasa da na marigayiya matarsa, waɗanda ya buga da ƙusa da guduma a jikin Margot ranar da aka ba shi ita.