Gayyatar Ido

A zauren rawar tango na 'yan Ajantina da ke Toronto, da ido namiji ke gayyatar mace rawa. In ta kau da kai, ta ƙi ke nan. Lahadi bakwai Amparo tana zaune ita kaɗai tana jiran kallon Eulogio, ko ɗagowa bai yi ba.

Yau sai ga shi ya ratso fili ya zo ya miƙo hannu, abin da ba a saba yi ba.

"Amparo, taso mu taka."

Ta kau da kai don haushi. Bai janye hannunsa ba, yana ta yi wa kujerar gefenta murmushi, alhali babu kowa a kai.

Sai ta gane. "Eulogio, tun yaushe ka daina gani?"

"Tun hunturu. Turarenki na biyo."

Ta kama hannun, ta juyo da shi saitinta.