Igiyar Akuyata

Har yau in na ji ƙaurin ƙwarya, jinin akuyata nake gani. Da damina ne, wajen la'asar, a ƙauyenmu kusa da Korahane. Ta shiga gonar maƙwabcinmu, ya sare ta da adda a gabana, sara uku, har hanjinta ya zubo kan ganyen gero.

Na sheƙo gida rigata jina-jina. Kakata tana zaune tana yi wa ƙwarya zane da wuƙa mai zafi. Na fizgi itace mai wuta daga murhunta, na ce sai na ƙone rumbun mutumin nan. Ta cafke itacen ta bakin wutar da tafin hannunta. Na ji ƙaurin nama, ba ta saki ba.

"Zauna, ɗiyar nan," ta ce. "Zana mini akuyar a ƙwaryar ga. In kin gama, ki je ki ƙona."

Wuƙar ba ta yarda da gaggawa, tana hucewa sai a mai da ta wuta a jira. Na yi ƙahoni, na jira. Na yi ƙafafu, na jira. Da na zo wuya, Kaka ta ce, "Ina igiyarta?"

Hannuna ya tsaya. Ni ce ban ɗaure ta a turke ba da safe, ina saurin zuwa wasa.

Yanzu in raina ya ɓaci, takarda nake ɗauka in zauna. Kaka kuwa, har ta rasu yatsunta uku ba su sake miƙewa ba.