Dutsen Niƙan Kakata

Tun kafin Turawa su iso Madarumfa, kakata tana da dutsen niƙa da ta ɗauko a ka daga ƙauyensu na kan tudu, ranar da mahara suka ƙone shi. In an yi girbi, a kansa take niƙa geron farko, tana kiran gidajen ƙauyen da sunayensu.

Wata la'asar ina gefenta, ƙamshin sabon gero ya cika gidan, sai Baba ya shigo. Bai daɗe da fara salla ba.

Ya ce, "Inna, wannan tsafi ne."

Ta ce, "Sunayen mutane ne, Ɗanladi. Har da na ubanka."

Ya kinkimi dutsen, ya ce in biyo shi tafki da ɗan dutsen. Ya shiga tafki har ƙugu ya saki nasa, ni kuwa na wurga nawa ina dariya.

Kaka ba ta ƙara kiran sunan kowa ba.

Yau jikokina suna tambayata asalinmu. Gida biyu kaɗai nake tunawa. Sauran suna ƙarƙashin ruwa, kuma da hannuna na taya.