Hannun Kaka a Jikin Bangon Dutse

Abu ɗaya nake fatan a ce ban yi ba: janye hannun kakana daga jikin wani bango.

Zamanin kuɗin fetur ne, babana yana aikin gwamnati a Landan, ina ɗan shekara goma. Aka kawo Kaka, maginin ƙasa daga Zariya, don a duba masa ido. Wata Asabar Baba ya kai mu wani ɗan ƙauye. A kan tudu sai ga tsohuwar fadar dutse ta sarakunan da, hasumiyarta ta fi duk rimin da na sani tsawo. Da na ɗaga kai sai da hulata ta faɗi.

Kaka bai iya hango samanta ba. Ya dafa bangon yana shafa duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ya lakato ƙasar tsakaninsu ya ɗanɗana, yadda yake gwada ƙasar gini a gida.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Wanda ya gina wannan bai yi ha'inci ba ko a inda ido ba ya kaiwa."

Turawa biyu suka tsaya suna kallonmu. Kunya ta kama ni, na fizge hannunsa. "Kaka, ka bari, ana kallo."

"To, abokina," ya ce. "Gaisawa nake da ɗan'uwana magini, amma mu tafi."

Idon bai warke ba. Ashe da hannun nan kaɗai yake gani, ni kuwa na hana shi. Don Allah, in tsohonku ya tsaya yana taɓa abu, ku bar shi ya gama.