Ranar da Kwalekwalenmu Ya Kife

Ina 'yar firamare Baba ya kai ni wani tafki cikin daji, arewa da Greensboro, muka kafa tanti. Da la'asar ya yi hayar kwalekwale. Ya ɗaura mini rigar ceto, ya ƙi sa tasa.

"Ni da na tashi a bakin Binuwai?" in ji shi, yana dariya.

Ba mu yi nisa ba kwalekwalen ya kife. Rigar ta ɗago ni. Baba kuwa sai dukan ruwa yake, yana salati. Ashe bai iya iyo ba.

Wata tsohuwa mai kamun kifi ta ƙwalla masa kira, ta ce ya miƙe tsaye. Ya miƙe. Ruwan iya ƙugunsa ne.

Muka fito, mutane na kallo. Bai dube ni ba. Ya tambaye ni da Turanci ko ina jin sanyi, shi da Hausa kaɗai yake yi mini. Har yau in na tuna, ni nake sunkuyar da kai, don na ga abin da bai so in gani ba.