Saiwa a Bututun Masai

"Inna, da kina nan da kin ji abin da gidanki ya koma." Auta ne ya faɗa ƙasa-ƙasa, yana zaune a gindin lemon tsamin da ke bayan kicin, wari ya cika masa hanci. Wata huɗu ke nan da rasuwarta, bai daina kai mata rahoto ba.

Masai ne ya fara. In an kora ruwa sai ya yi ta gurnani kamar cikin mai yunwa, ruwan ya tsaya shawara kafin ya wuce. Daga baya in matar Yaya ta zubar da ruwan wanke-wanke a kicin, sai ya ɓullo a banɗaki baƙi ƙirin. Yaya, babban wansu, ya zura waya har sau uku. Kowace zurawa a sami sauƙin mako biyu, sannan abu ya dawo ya fi na da.

Mai famfo da aka kira bai daɗe a banɗakin ba. Tsakar gida ya bi yana kallon ƙasa. Ya nuna musu wani layin ciyawa kore shar a tsakiyar busasshiyar ƙasa, da inda wurin ya ɗan lotsa. Ya ce tsumma ko maiƙo in waya ta ture su sun tafi ke nan, abin da ke dawowa kuwa mai rai ne. Saiwar bishiya ce. Tana bin danshi har ta sami tsaga a mahaɗar bututu, ta shiga siririya kamar gashi, ta ci ta ƙoshi a ciki.

"Gobe za mu tona," in ji shi. "Bishiyar da muka tarar da saiwarta, ita za a sare. In ba haka ba, baɗi war haka kuna nan kuna toshe hanci."

Bishiya biyu ce kusa da layin. Akwai lemon da Inna ta shuka, ta yi shekara bakwai tana ba shi ruwa, bai yi fure ba sai watan da ta kwanta. Akwai kuma darbejiyar Tela, tsohon maƙwabcinsu, a bayan katanga, wadda a inuwarta yake taka kekensa.

Auta ya yi dariya, ta farko tun bayan rasuwar. Ya ce ashe sai an ɗauko masani kafin a gane wannan? Ga ƙatuwar bishiya ta fi rufin gida, shekara ashirin tana zuba musu ganye suna share wa mai ita, sai a tsaya zargin ɗan lemon da ko akuya ba za ta fake a ƙarƙashinsa ba? Ya ce mutumin da aljihu ma bai iya ɗinka shi a miƙe ba, ina zai san inda saiwarsa ta nufa. Yaya ya ji daɗi, ƙaninsa ya dawo cikin mutane. Matar Yaya ta ƙara da cewa lemon nan da ake gani kore shar cikin wannan zafi, albarkar hannun Inna ce kawai.

Washegari da hantsi Auta ya fito da wata tsohuwar riga mai manyan aljihu, ya karɓe diga daga hannun mai famfo. Mutumin ya dubi tafin hannunsa ya ce, hannu ya yi kanta tun ba a fara tonon ba? Auta ya ce bokitin ban ruwa ne.

Da aka kai ga bututu, wari ya kori kowa. Yaya, mai bakin cewa shi ne uban gida yanzu, ya koma bakin ƙofa da hankici a hanci yana ba da umarni daga nesa. Mai famfo ya nemi sauka, Auta ya ce ramin na mutum ɗaya ne, gidan kuma na uwarsa ne. Auta ya sauka ya fasa mahaɗar, ya duƙa ya ba su baya, ya daɗe yana yanka yana ja. Da ya fito sai ga damin saiwa ja-ja, kaurin yatsa. Ya wuce kowa ya zubar da ita a gaban Tela, wanda aka kira ya zo ya gani da idonsa.

"Ga ajiyarka, Baba."

Mai famfo ya ɗauki guda, ya ɓare bawon ya shinshina, ya ce darbejiya ce. Ya jujjuya ta, ya ce shi dai bai taɓa ganin saiwar cikin bututu da busasshiyar ƙasa a jikinta ba. Auta ya ce to mai famfon ya shiga ramin ya wanko ta da kansa. Aka kwashe da dariya, maganar ta bi iska.

Tela ya daɗe yana kallon saiwar. "In tawa ce, a sare," ya ce. "Mahaifiyarku ba ta taɓa cutata ba, ba zan cuci 'ya'yanta ba." Yini guda kawai ya roƙa, ya matsar da kekensa.

Kwana biyu aka yi ana saran darbejiyar. Yanzu Tela a jikin katanga yake ɗinki, ya kafa buhu a kan sanda biyu, rana na bin sa duk inda ya juya. Masu kawo ɗinki ba sa zama hira kamar da. Masai ya yi shiru, ruwa na wucewa salin-alin.

Lemon ya nuna a watan. Auta ya zauna a gindinsa ya ce, "Inna, an gyara." Ya buɗe gwangwanin da take ajiye zare, ya fito da wani dunƙulen saiwa siririya, rawaya, wadda ya wanke ya shanya. Ya kankare ta da farce, ƙamshin lemo ya tashi. Ita ya ciro daga bututun ya cusa a aljihu, ta darbejiyar kuwa tun ranar da mai famfo ya fara zuwa ya haƙo ta a gindin katanga, kuma har yau bai faɗa wa kowa ba.