Atamfar da Tabawa Ta Saya wa Innarta

Tabawa na da shekara goma innarta ta tafi aikin jinya a jirgin taurari. A cikin jirgin, wata biyu aka yi, a duniya shekara sittin. Yau take dawowa.

Tabawa ta je Kantin Kwari, shagon Kamala, 'yar Indiya haifaffiyar Kano.

"Atamfar tsofaffi zan saya wa Inna, ko ta 'yan mata?"

"Ta 'yan mata, Hajiya," in ji Kamala. "A addininmu na Hindu, yini ɗaya a sama shekara ne a ƙasa. Kakata ta koya mini tun ba a ƙera jirgin ba."

"Ashe kun riga masana sani."

Tabawa ta zaɓi ja. Da ta koma gida, ta dafa bango tana gwada durƙuson gaisuwa.